Layin Jirgin Baba a Atrone

Ni haihuwar Njamena ce, garin da jirgin ƙasa bai taɓa ratsa shi ba. Amma tun kafin a sa ni lekol, wato makarantar boko, na haddace sunayen tashoshin wani jirgi, domin da su mahaifina yake lallashinmu in muna kuka. Yakan ɗora ni a gwiwa yana jijjiga ni, yana jero su ɗaya bayan ɗaya: Zariya, Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre, Jos. In ya kai Jos sai ya fesar da numfashi ta hanci, ya ce an iso, kowa ya sauka. Na daɗe ina zaton wata addu'a ce.

Sai da na yi wayo na gane labarin. Wani ɗan ƙaramin jirgi ne da Turawa suka shimfiɗa wa dogo a Najeriya don kwaso kuza daga tudun Jos zuwa Zariya, inda babban layi yake. Dogonsa siriri ne, Baba ya ce babban mutum yana tsallake ƙarafan biyu da taki ɗaya. Don kuza aka yi shi, amma mutanen ƙauyukan hanya suka mai da shi nasu. Mata su hau da daddawa da barkono zuwa kasuwar gaba, samari su hau zuwa ƙwadago a ramukan kuza, wani ma ya hau da akuyarsa. Ba ya sauri. In ya zo hawan tudu, masu ƙarfi sukan sauka su taka a ƙasa, su tsinki abin da za su tsinka a bakin daji, su sake kama taragon. Tartsatsin wuta kuwa yana shigowa ta taga, har ana gane wanda ya saba hawa da ƙananan hujojin rigarsa.

Baba yana saurayi ya samu aiki a wata ƙaramar tasha ta tsakiyar hanya. Shi ke riƙe tuta, shi ke juya ƙarfen mahaɗa in jirage biyu za su kauce wa juna, shi ke buɗe wa inji ruwa daga tanki. Da babban layi ya riga ya shiga Jos ta wani gefe, manyan motoci kuma suka yawaita, sai ƙaramin ya rasa aikin yi. Ana gab da samun mulkin kai aka tsayar da shi, aka tumɓuke ƙarafan. Baba ya ɗaura niyyar Makka, ya biyo gabas. Da ya ƙetare kogi ya shigo garin nan, lokacin ana kiransa Fort-Lamy, guzuri ya ƙare. Ya zauna cikin Hausawan unguwar Klemat, ya koyi gyaran keken ɗinki, ya auri mahaifiyata, wadda kakanninta ma hanyar Makka ce ta ajiye su a nan. Bai ci gaba ba, bai koma ba. In abokan hirarsa suka ce ya kamata ya leƙa gida ko sau ɗaya, sai ya yi murmushi ya ce, "Da wane jirgi?"

Iyakar abin da na sani ke nan har na kusa shekara hamsin.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, gidan Klemat ya yi wa Baba hayaniya. Yayana ya fasa ɗakunan gaba ya yi shaguna, babura suna tsayawa a ƙofa tun safe har dare. Ni kuma mijina ya rasu, ina koyarwa a wata firamare, na lallaɓa na gina ɗaki uku a unguwar Atrone inda fili yake da sauƙi. Na ɗauko Baba ya dawo wurina. Ya haura tamanin a lokacin, amma yana tafiya da ƙafarsa, yana jin magana sarai, idonsa ɗaya ne kawai ya yi hazo. "Uwata" yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

A shekarun nan unguwarmu ba ta cika ba. Gida nan, kango can, sauran duk fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙar laka, wadda ke tsattsagewa da rani, ta koma taɓo da damina. Ban samu halin kewaye bayan gidan da bulo ba, zana na kafa, na bar wata 'yar kafa da muke fita zubar da ruwa. A bayan zanar akwai filin wani da ba a fara ginawa ba, da darbejiya guda ɗaya a gefensa.

Watanni biyu na farko lafiya lau. Da bazara ta kama, wata rana na dawo daga lekol bayan azahar na tarar ba ya ɗakinsa. Na leƙa ta kafar zana, sai ga shi a tsakiyar filin nan cikin rana, yana jan ƙasa da bakin sandarsa. Layi biyu ya ja, a jere, sun taso daga yamma, sun bi ta gaban darbejiyar, sun miƙe gabas har inda filin ya ƙare. Yana gamawa ya bi su yana tsince leda da duwatsu yana jefarwa gefe.

Na ce, "Baba, me ake yi a rana haka?"

Ya ce, "Share hanya nake. Kada a riƙa barin kaya a kan layi."

Na yi dariya, na kamo hannunsa muka shiga ciki. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi, kamar yadda ya taɓa wata gwaggonmu da ta koma kiran jikokinta da sunayen ƙannenta. Amma Baba bai rikice a komai ba. Ya san ranar mako, ya san sallolinsa, yana gyara mini keken ɗinki da ido ɗaya. Abu guda ne kawai: kullum in ƙarfe uku ta kusa, sai ya tashi ko yana barci, ya fita bayan gida, ya duba layinsa, ya tsaya a gefe yana fuskantar yamma. Bayan ɗan lokaci sai ya juya a hankali ya fuskanci gabas, kamar mai raka wani abu da ido, sannan ya dawo ya yi alwalar la'asar.

Wata safiyar Lahadi, ban san abin da ya ja ni ba, na ɗauki babbar rular allo da na zo da ita gida na je na auna tsakanin layukan. Wuri biyar na auna, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Duk ɗaya ne, ko faɗin yatsa bai bambanta ba. Tsoho mai ido ɗaya, da sanda, a kan busasshiyar laka. Na mayar da rular ban gaya wa kowa ba.

Abu na biyu da na lura da shi kofunan shayi ne. Ina da wani farantin ƙarfe da nake kife ƙananan kofunan gilashi a kai, a kan tebur a rumfa. Wata rana ina gyaran takardun yara, garin ya yi tsit irin na tsakar bazara, ko tsuntsu ba ya motsi, sai na ji kofunan suna taɓa juna. Ƙara ce siririya, kamar haƙoran mai jin sanyi. Na ɗora hannu a kan farantin, na ji yana rawa a ƙarƙashin tafina. Na duba agogon waya: uku saura minti kaɗan. Ta kafar zana ina hango bayan Baba yana juyawa daga yamma zuwa gabas. Da ya gama juyawa kofunan suka yi shiru.

Na kira yayana na gaya masa. Ya ce manyan motocin yashi ne da ke bin titi, ƙasar Atrone kuma ba ta da ƙarfi, tana ɗaukar girgiza ta kai nesa. Ya ce in sauya wa farantin wuri. Maganarsa ta yi ma'ana, na kuma so in yarda da ita. Sai dai titin kwalta yana da nisa da mu, motocin yashi kuma suna wucewa tun asuba har magariba, ba sau ɗaya a yini ba.

A cikin kwanakin nan mai filin ya bayyana. Badamagare ne, ɗan kasuwa mai kawo albasa da dankali kasuwar Habbena, mutum mai sanyin magana da yawan gaisuwa. Ya shigo ya durƙusa ya gai da Baba, ya ce zai fara kewaye filinsa kafin ruwa ya sauka. Baba ya sa masa albarka, sannan ya ce, "Amma ka bar wa layi hanya." Mutumin ya dube ni, na yi masa alama da ido, ya ce, "To, Baba."

Magina suka zo suka haƙa tushe, suka ɗora bulo layi huɗu a gefen yamma, suka bi ta kan zanen Baba ba su ma lura da shi ba. Kwana biyu bayan haka, da la'asar, maƙwabcin namu mai filin ya yi sallama a ƙofata.

Ya ce, "Malama, ko yara sun yi wasa a wurin ginin nan?"

Na ce yaran unguwar ba sa fita a wannan rana. Muka je tare. Bangon yana nan tsaye daga farko har ƙarshe, in ban da wuri guda. Daidai inda layukan suka ratsa, bulo ya tsage daga sama har tushe a gefe biyu, na tsakiya ya zube ciki, wajen gabas. Ya tsuguna ya ɗauki gutsure ya murza, ya ce watakila siminti ne bai ji ba, ko ƙasar ce ta motsa. Ya sa aka sake ɗorawa. Wannan karon ya kwana shida. Ran na bakwai ya sake zubewa, wurin nan dai, wajen gabas dai. Bai ƙara zuwa tambayata ba. Ya ce wa magina su ci gaba da sauran gefen, su bar wannan tukuna.

Daga nan ne Baba ya fara neman tabarma. Wata rana bayan azahar ya ce, "Uwata, ba ni tsohuwar tabarmar nan da kwanon sha." Na ɗauka shi zai zauna. Ya shimfiɗa ta a gindin darbejiya, ya ajiye kwanon cike da ruwa a gefenta, shi kuwa ya koma ya tsaya a rana inda ya saba. Da la'asar ya naɗe tabarmar ya dawo da kwanon babu ruwa. Na ce a raina zafi ne, ko kajin maƙwabta. Haka muka yi kwana da kwanaki. Yana raguwa a abinci, rigunansa suna yi masa yawa.

Wata rana na gaji, na zauna kusa da shi bayan la'asar na ce, "Baba, wa kake shimfiɗa wa tabarma?"

Ya ce, "Akwai abin da ban taɓa gaya wa ko mahaifiyarku ba."

Ya ce da aka tsayar da jirgin, an sallami kowa a tasharsu sai shi, aka bar shi gadin kaya kafin masu tumɓuke dogo su iso. Akwai wata tsohuwa daga wani ƙauye a bayan dutse, idanunta sun yi yana, da ƙyar take ganin hanya. Ɗanta guda ɗaya ya hau jirgin ya tafi aikin kuza, ya ce mata a jirgin zai dawo bayan kaka. Tun jirgin yana aiki take zuwa ranar kasuwa da ɗan ƙunshinta, ta zauna a gindin tsamiyar tasha, in mutane sun sauka ta saurari muryoyinsu, ta koma. Kwana uku da tsayar da jirgin sai ga ta.

"Ta ce mini, 'Ɗan nan, yau bai iso ba?' Na buɗe baki in gaya mata, na kasa. Na ce, 'Iya, yau ya makara.' Ta zauna har rana ta yi sanyi, na ba ta ruwa, ta tafi."

Da wata kasuwar ta zagayo ta dawo, ya ce mata inji ne ya lalace a Kudaru. Daga nan ta koma zuwa kullum. Yau ya ce gada ake gyarawa, gobe ya ce ruwa ne ya ci hanya. Mutanen gari suna ganinta, amma kowa ya ɗauka ta sani, taurin zuciyar uwa ne kawai. Da masu tumɓuke dogo suka iso tana jin ƙarar guduma, ta tambaya, ya ce sabon ƙarfe ake sawa. Ta yi murna, ta sa wa ma'aikatan albarka. A gabanta aka loda ƙarafan a mota aka tafi da su.

"Ran da aikina ya ƙare na ɗaure kayana na ɓoye a bayan tanki. Ta zo ta zauna. Ta ce, 'Ɗan nan, yau fa?' Na ce, 'Iya, zauna nan, in je in dubo.' Na ɗauki kayana na bi hanya."

Na ce, "Ba ka koma ba?"

Ya ce, "Ga ni a nan."

Na ce ai shekara sittin ke nan ko fiye, baiwar Allah ta daɗe da komawa ga Mahaliccinta, abin da ya rage mu yi mata addu'a da sadaka. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Sannan ya ce, da muryarsa ta kullum, "A Klemat hayaniya ta yi yawa, ba ta same ni ba. Nan fili ne. Tana zuwa kafin jirgi ya wuce. Tambayarta ɗaya ce: 'Ɗan nan, ka dubo?'"

"Me kake ce mata?"

"Ina ce mata yau bai tsaya ba."

Na yi sadakar. Na dafa abinci na aika masallaci Juma'a biyu a jere, na roƙi liman ya sa wata baiwar Allah a addu'a, ban san ko sunanta ba, shi ma Baba bai sani ba. Babu abin da ya sauya.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Ran farko da ya kasa tashi, tun ƙarfe biyu yake juyi a kan gado. Ya ce, "Uwata, kai mata ruwa. Ba sai kin yi magana ba." Na so in ce a'a, amma na ga in ban je ba shi zai rarrafa ya je. Na ɗauki tabarmar da kwanon na fita.

Rana tana dukan ƙasa har ana ganin zafin yana tashi. Babu kowa a fili, magina sun tafi hutun rana. Na shimfiɗa tabarmar, na ajiye ruwan, na ja baya na tsaya kusa da zana. Na ce wa kaina minti biyar zan yi in koma in ce masa na kai.

Ta tafin ƙafata na fara ji. Takalmin roba ne a ƙafata, na ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsa, kaɗan kaɗan, sannan ya hau ƙaurina. Ba ƙara ba ce da kunne ke ji. Ta yamma ya taso, ta wajen ɓarakar bangon nan, ya zo daidai gabana ya yi nauyi, na ji shi a ƙirjina. Ruwan kwano yana ta zana zobe. Wasu kaji biyu da ke kwance a inuwar bulo suka miƙe suka bar wurin a hankali, kamar sun saba. Na ji warin hayaƙin da ban san irinsa ba, ba na itace ba, ba na bola ba. Ban ga komai ba. Fili ne da rana da layi biyu a ƙasa. Abin ya ɗauki kamar tsawon karanta Fatiha sau uku, ya yi gabas, ya ɓace.

Da wurin ya yi tsit, sai na ji tabarmar ta yi ƙara, irin ƙarar da kaba ke yi in wanda ya daɗe a zaune ya gyara zama. Ban waiwaya wajen bishiyar ba. Na shige ta kafar zana, na zauna a bakin rumfa. Ban koma ɗauko tabarmar ba sai da maginan suka dawo na ji muryoyinsu.

Da na shiga wurin Baba ya dube ni da idonsa mai kyau, bai tambaye ni komai ba. Ni na yi magana. Na ce, "Baba, ka gaya mata gaskiya."

Ya ce, "In na gaya mata, ina za ta je?"

Na ce, "Ban sani ba. Amma ba za ta zauna a rana tana jira ba, kai ma ba za ka tsaya ba."

Ya juya fuska wajen bango. Kwana huɗu ya yi a kwance, kwana huɗun nan ni nake kai tabarma tun da wuri in dawo ciki in rufe ƙofa. Farantin kofuna kuwa na sauke shi ƙasa na ɗora masa tsumma.

Ran Juma'a ya tashi da ƙarfinsa. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Idi, maƙwabcinmu ya kai shi masallaci a bayan babur ya dawo da shi. Bai cire rigar ba. Da lokaci ya kusa ya ɗauki tabarma da kwano da kansa. Ni da maƙwabcin muka tsaya a bakin zana, don na gaya masa labarin a kwanakin jinyar, ya saurara har ƙarshe ya ce, "Allah ya kyauta."

Wannan karon Baba bai tsaya a gefen layi ba. Ya je gaban tabarmar ya ajiye sandarsa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa kamar yadda yaro ke durƙusa wa babba. Ban taɓa ganin mahaifina a durƙushe gaban kowa ba. Muna jin maganarsa sarai.

Ya ce, "Iya, na dubo. An daina jirgin. Tun kafin ki fara tambayata aka daina shi. Ƙarar da kika ji ba gyara ake yi ba, kwashe dogon ake yi. Ɗanki ba zai zo ta nan ba. Na sani, na ɓoye miki, na bar ki a zaune na tafi. Ki yafe mini."

Ya sunkuyar da kai. Mun daɗe a haka. Na dubi waya, uku ta wuce, ƙasa ba ta motsa ba. Sai muka ga ya ɗaga kai kamar mai sauraro, ya ce, "A mota, Iya. Yanzu a mota ake zuwa." Ya ɗaga hannu ya nuna yamma. Ya miƙe da ƙyar, ya tsaya yana kallon wajen, yana kare ido da tafin hannu, har tsawon lokacin da mai tafiya a hankali zai ɗauka kafin ya ɓace a bayan kangaye. Sannan ya zuba ruwan kwanon a gindin bishiya, ya naɗe tabarmar ya miƙo mini. Ya ce yana jin yunwa.

Daga ranar bai ƙara fita bayan gida ba. Ruwan farko ya wanke layukan. Maƙwabcin ya sa aka toshe ɓarakar bangon, ya tsaya, yana nan tsaye har yau. Baba ya koma cin abinci, yana hira da masu kawo masa gyaran keke, ya ga damina ta shiga ta fita. Bayan ta ɗauke da kamar wata guda ciwon ƙirji ya kama shi, muka kai shi asibiti, ya kwana biyar ya rasu da hantsi, ina riƙe da hannunsa.

Shekara ta kusa zagayowa maƙwabcinmu ya tafi Jos sayen dankali. Da ya dawo ya yi sallama da yamma, na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Ya ce kafin ya kamo hanyar dawowa ya ratse zuwa garin tashar, wanda Baba ya gaya masa sunansa. Ba sauran dogo, titin mota ne ya bi wurin, amma ya ga gindin tankin ruwan, da wata tsamiya babba da mata ke sayar da gyaɗa a ƙarƙashinta. Ya yi ta tambaya har aka kai shi wurin wani dattijo da ya ga jirgin da idonsa yana yaro.

Na ce, "Ya tuna tsohuwar?"

Ya ce, "Ya tuna wata makauniya da ke zama a tasha bayan an daina jirgi. Ya ce su yara har tsokanarta suke yi."

"A nan ta rasu?"

Ya ce, "Ya ce a'a, Malama. Ya ce ba a daɗe ba ɗanta ya zo a motar kaya, ya ɗauke ta suka tafi Jos. Wai har ta ga jikoki."

Na tambaye shi ko ya tabbata ita ce. Ya ce dattijon ya tsufa ƙwarai, yana haɗa labarin wannan da na wancan, kuma makafi masu zaman tasha ba ɗaya ba ne a zamanin. Zai yiwu ita ce, zai yiwu wata ce. Ya ce ya yi ta tunani a mota ko ya gaya mini ko ya bari, ya ga gara ya faɗa.

Na yi masa godiya. Muka zauna, yara suna ta wucewa da jarkokin ruwa daga famfo. Na san abin da ke ransa, don shi ma ya kwashe bulonsa sau biyu a wurin nan, ya kuma tsaya tare da ni ran Juma'ar. In ɗanta ya zo ya ɗauke ta tun a lokacin, to wa Baba yake shimfiɗa wa tabarma? Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Da aka kira magariba ya miƙe, ya ce akwai ɗan dankali da ya ware mana, zai aiko da shi da safe.